Suna Linzami: Yadda A Ke Raɗa Wa Umarnin Kwamfuta Suna

Jawabin kimiyya na wannan mako a kan suna ne. Ba sunan mutum ba kuwa, ko na gari, sunan umarni ne irin wanda a ke bai wa kwamfuta. Mai sauraro ya iya cewa, ina abin jawabi a nan, ai raɗa suna ba wuya. To, a cikin shekarar 2018 masana daga manyan kamfanonin intanet na duniya sun yi wata biyu da ɗoriya suna ja-in-ja a kan haruffa uku na wata kalma, ko a bar su ko a yanke su. Daga ƙarshe aka yanke su, da ma kuwa ba don kalmar ta fi kyau a gundule ba.

Kafin a kai ga wannan labari sai an ɗan share fage. Kwamfuta ba ta da hankalin kanta, abin da aka rubuta mata shi ta ke bi, kuma wannan rubutu shi a ke kira manhaja. Mai rubuta manhaja ba ya ƙera kowane abu daga tushe, kamar yadda tela ba ya saƙa yadin da zai ɗinka. Akwai ayyuka waɗanda kowa ke bukata kullum, kamar jera sunaye bisa tsarin abacada, ko nemo kalma a cikin rubutu, ko fitar da lissafin kusurwa. Waɗansu sun riga sun rubuta irin waɗannan, sun tara su wuri guda, kowa ya zo ya ɗiba. Wannan tari shi a ke ce wa laburare, watau taskar umarni. Kowane aiki a cikin taskar yana da sunansa, kuma halinsa kamar na ɗan aike ne mai taurin kai, wanda ba ya amsa kira sai an faɗi sunansa daidai. In aka kuskure harafi ɗaya, ko aka sa babban baƙi inda ƙarami ya kamata, ba zai motsa ba.

Saboda haka mai gina taska yana tsakanin bukata biyu. Ta fari ita ce sunayen su bi tsari ɗaya, yadda in mutum ya koyi goma zai iya cankar na goma sha ɗaya ba tare da ya buɗe littafi ba. Ta biyu ita ce sunayen su dace da ƙa'idar da jama'a suka riga suka amince da ita, da kuma abin da aka riga aka gina a kai. Duk wanda ya taɓa auna hatsi a kasuwa biyu ya san wannan magana. Mutum ya iya sassaƙa mudunsa mai kyau, wanda ya yi daidai da sauran kayan awonsa, amma in bai yi daidai da mudun kasuwa ba, ba mai saye a wurinsa. Sau da yawa bukatun nan biyu suna tafiya tare lafiya. Wani lokaci kuwa sai su yi karo, dole ɗaya ta ba da hanya.

Harshen kwamfuta da wannan karo ya fi fitowa fili a cikinsa shi ne JavaScript. Wani Ba'amurke mai suna Brendan Eich ne ya ƙago shi a kamfanin Netscape cikin 1995, a gurguje, a kwana goma ko kusa da haka. Shi ne harshen da ke sa shafin intanet ya yi motsi, ya amsa in an taɓa shi. Da kamfanoni dabam dabam suka shiga yin burauza, watau manhajar da a ke buɗe shafukan da ita, sai aka ga lalle a sami ƙa'ida ɗaya, don kada shafi ya yi aiki a wannan ya ƙi a waccan. Aka miƙa aikin ga wata ƙungiya mai suna Ecma, wadda mazauninta ke Janiba a ƙasar Suwizalan, ta fitar da ƙa'idar farko cikin 1997. Kwamitin da ke riƙe da ita ana kiransa TC39, kuma a cikinsa akwai wakilan Google, da Mozilla, da Apple, da Microsoft, da waɗansu da dama. Al'adarsu ita ce ba a zartar da abu sai an sami yardar kowa.

A shekarun farko harshen nan matalauci ne, kayan aikinsa kaɗan. Don haka masu hikima suka riƙa gina taskokin kansu don cike giɓi. Ɗaya daga cikinsu ita ce MooTools, wadda wani ɗan Italiya, Valerio Proietti, ya fitar cikin 2006, ta kuwa sami karɓuwa ƙwarai a zamaninta. Dabarar MooTools ita ce, maimakon ta ajiye umarninta a ɗakinta, sai ta shiga cikin ainihin kayan harshen ta liƙa su a can, su zama kamar da su aka haife shi. JavaScript ya yarda da haka, kuma a lokacin abin ya yi wa masu aiki daɗi. Sunayen da ta zaɓa kuwa su ne waɗanda duk mai jin Ingilishi zai zaɓa. Aikin tambaya ko abu kaza yana cikin abu kaza ta kira shi contains, ma'anarsa "yana ƙunshe da". Aikin baje jeri ta kira shi flatten, ma'anarsa "baje".

Ana nan sai kwamitin TC39 ya tashi ƙara waɗannan ayyuka a cikin harshen kansa, su ma kuwa sunayen da suka zo musu a baki ke nan. Cikin 2012 aka sa contains na rubutu a burauzar Firefox ta 17, sai ga ƙara tana zuwa cewa waɗansu shafuka sun lalace. Da aka bincika aka tarar MooTools 1.2 tana da wata ladabi da ta zame mata illa. Kafin ta liƙa umarninta sai ta duba, in ta ga akwai mai wannan suna sai ta janye nata. Ga shi kuwa sabon da tsohon suna ne kawai ya haɗa su. Dukansu suna karɓar bayani na biyu bayan kalmar da a ke nema, amma a wurin MooTools wannan bayani shi ne alamar da ke raba kalmomi, a wurin kwamiti kuwa shi ne gurbin da za a fara nema. Sai ya zama an kira ɗan aike da sunan da aka saba, wani dabam ya amsa, ya tafi ya yi abin da ba a aike shi ba. Masu MooTools suka fitar da gyara, amma gyara ba ya amfani sai mai shafi ya ɗauka ya sa. Cikin 2014 kwamiti ya haƙura ya sauya sunan zuwa includes, haka ya fito a ƙa'idar 2015 don rubutu, da ta 2016 don jeri.

Na flatten ya fi wannan ban mamaki. Jeri a harshen kwamfuta kamar buhu ne da aka zuba kaya bi da bi, kuma yana yiwuwa a sami ƙaramin buhu a cikin babba, har da wani ƙunshi a cikin ƙaramin. Aikin bajewa shi ne a kwance na ciki a zazzage kayansu cikin babban. Wanda kwamiti ya tsara yana kwance hawa ɗaya ne kawai, sai in an gaya masa ya zurfafa, na MooTools kuwa yana bi har ƙasa. Amma a wannan karo ba bambancin nan ne ya kawo ɓarna ba, gama sababbin fitowar MooTools sun bar ladabin nan, suna ɗora nasu a kan duk abin da suka tarar. Da an tsaya nan da ba abin da zai faru.

Ga inda gizo ya yi saƙa. A JavaScript kowane umarni yana ɗauke da wata alama da ke nuna ko za a ambace shi in an zo kiran suna, ko kuwa za a tsallake shi. Wanda mutum ya ƙara da hannunsa ana ambatarsa, wanda aka haifi harshen da shi kuwa ba a ambatarsa. In kuma mutum ya ɗora nasa a gurbin na asali, aikin ya sauya amma alamar gurbin tana nan yadda ta ke. To, MooTools tana da wani rukuni nata na sassan shafi, kuma yadda ta ke ba shi umarni shi ne ta yi kiran sunan dukan abin da ke jikin jeri, ta kwafe duk wanda ya amsa. Shekara da shekaru flatten yana amsawa, don MooTools ce ta ƙara shi. Ran da aka sa flatten na asali a cikin Firefox ta gwaji, sai gurbin ya zama na ɓoye. MooTools ta ɗora nata, ta yi kiran suna, ba a ambace shi ba, ba ta kwafe shi ba. Duk shafin da ya dogara da kwafin nan ya tsaya cik. Abin lura a nan shi ne, ko da kwamiti ya mai da aikin nasa ya zama daidai da na MooTools ƙwabo da ƙwabo, ɓarnar tana nan. Kasancewar sunan ita ce laifin.

Ɗaya daga cikin masu gabatar da shawarar, Michael Ficarra, ya kawo wasa cikin magana, ya ce to a sa masa smoosh, wata kalma ce ta bakin yara mai ma'anar a dagargaza ko a lutsa. Mutane da yawa ba su gane wasa ya ke yi ba, suka ɗauka an riga an zartar. Ƙura ta tashi ƙwarai. Waɗansu suka ce wannan wulakanta harshe ne, a ce miliyoyin masu aiki za su zauna da suna na banza har abada saboda wata tsohuwar taska da yayinta ya wuce. Suka ce a bar shafukan su karye, masu su sa gyara. Har aka sami masu kiran jama'a su riƙa liƙa smoosh a shafukansu da gangan, don shi ma sunan ya zama ba ya taɓuwa.

Maganarsu ba ta rasa hujja ba, amma ta manta da mutum guda, shi ne mai buɗe shafin. Shafuka da yawa an gina su ne shekaru da suka wuce, wanda ya gina ya karɓi ladansa ya tafi, wani ya sauya sana'a, wani ma ya rasu. Mai ƙaramin kanti, ko wata makaranta, ko ƙungiyar unguwa, ba su san MooTools na cikin shafinsu ba, balle su san yadda za su sabunta ta. Wanda ya zo duba farashi ko cike takarda kuwa, in shafi ya ƙi buɗewa, ba ruwansa da kwamiti. Abin da zai ce shi ne wannan burauza ba ta da kyau, ya koma wata. Masu burauza sun san haka sarai, shi ya sa ba wadda za ta yarda ta zama ta farko wajen karya shafi. Ƙa'idar da masu burauza suka ƙi aiki da ita kuwa takarda ce kawai. Tun cikin 2007 ma masu tsara ƙa'idar shafukan intanet suka rubuta jerin fifiko: in bukatu suka yi karo, mai amfani da shafi shi ne gaba, sa'an nan mai rubuta shafi, sa'an nan mai gina burauza, sa'an nan mai rubuta ƙa'ida, tsabtar tsari kuwa ita ce kurar baya.

A taron watan Mayu na 2018 aka tsai da shawara a kan flat, ya shiga ƙa'idar 2019 tare da ɗan'uwansa flatMap. Gaskiya sunan yana ɗingishi. Yawancin 'yan'uwansa a jikin jeri kalmomin aikatau ne, suna cewa tace, jera, haɗa, juya, shi kuwa flat siffa ce, kamar a ce "shimfiɗaɗɗe" a inda ya kamata a ce "shimfiɗa". Amma ɗingishi ya fi zama gurgu, kuma da wuya a ce kwamitin ya yi kuskure. Ba wannan ne karo na ƙarshe ba. Da aka zo ƙara aikin kasa jeri gida gida, aka sa masa groupBy, sai ya yi karo da wata taska mai suna Sugar. Aka gajarta shi zuwa group, shi ma ya karya waɗansu shafuka. Daga bisani aka ɗauke aikin ɗungum daga jikin jeri aka kai shi wani gida, ya fito a ƙa'idar 2024 da sunan Object.groupBy.

Kada fa a ɗauka wannan haƙuri kyauta ne. Akwai mai biya, shi ne ɗalibi. Yau mai koyon JavaScript in yana so ya tambaya ko abu na cikin jeri sai ya ce includes. In tarin da ba a maimaita kaya a cikinsa ne sai ya ce has. In kuwa sassan shafi ne sai ya ce contains, don wannan yanki wata ƙa'ida ce dabam ke mulkinsa. Tambaya ɗaya, kalma uku. Wanda ya tashi da Ingilishi a baki ya iya ɗaga kafaɗa ya wuce, gama duk ukun ma'anarsu ɗaya a kunnensa. Amma ɗalibin da ke koyo a Kumasi, ko Garwa, ko Jidda, wanda Ingilishi harshensa na biyu ne ko na uku, haddace su zai yi ɗaya ɗaya, ba kuwa dalilin da zai kama sai tarihi.

Harshen Python ya bi wata hanya. Cikin 2001 Guido van Rossum, wanda ya ƙago harshen, shi da Barry Warsaw suka rubuta takardar salo da a ke kira PEP 8. Matsalar da ta warware ita ce, sunan umarni ba ya ɗaukar fili a tsakiya, to in kalma biyu ce yaya za a haɗa su? Waɗansu suna manne su su sa babban baƙi a farkon ta biyu, sai sunan ya yi tudu a tsakiya, shi ya sa a ke kiransa salon raƙumi, saboda tozo. Waɗansu kuwa suna barin duka ƙananan baƙaƙe su ja ɗan layi a ƙasa tsakanin kalmomin, sunan ya miƙe yana jan ciki, wannan shi ne salon maciji. PEP 8 ta zaɓi maciji. Amma a cikin taskar Python ta gida akwai raƙuma kwance har yanzu. Sashen gwajin manhaja, unittest, an kwaikwayo shi ne daga JUnit na harshen Java, ya zo da tozonsa. Sashen ajiye rahoto, logging, wanda ya shigo cikin 2003, shi ma ya ɗauko salo daga wata taskar Java. Sashen xml.dom kuwa da gangan aka bar shi, don sunayensa na ƙa'idar duniya ne, wanda ya san getElementsByTagName a wani harshe zai same shi nan yadda ya san shi. Takardar PEP 8 da kanta ta yi gargaɗi kada a karya abin da ke aiki don kawai a bi ta.

Inda Python ta ga gyara ya zama dole, sai ta yi wa umarnin laƙabi. A sa sabon suna, a bar tsohon yana amsawa, a riƙa buga gargaɗi ga duk mai kiransa, sai an daɗe kana a cire shi. Umarnin isAlive ya sami laƙabinsa na maciji cikin 2008, ba a cire tsohon ba sai 2020. An kawar da assertEquals cikin 2023, bayan an fi shekara goma ana gargaɗi a kansa. Me ya sa Python ta iya abin da JavaScript ya kasa? Dalilin shi ne wanda ke riƙe da linzami. Mai manhajar Python shi ke zaɓen fitowar da zai yi aiki da ita, in bai shirya ba sai ya zauna a kan tsohuwa. Mai shafin intanet kuwa ba shi da iko a kan burauzar baƙonsa, tana sabunta kanta da dare yana barci. Duk da haka Python ta ɗanɗana kuɗarta. Da ta yi babban garambawul cikin 2008 ta fitar da Python 3, sai da aka kai farkon 2020 kafin a iya rufe littafin Python 2.

Masu lissafin kimiyya su ma sun shiga wannan rami. Aikin haɗa jeri biyu, taskar NumPy ta kira shi concatenate, TensorFlow ta ce concat, PyTorch ta ce cat. Wanda ya rubuta lissafinsa don ɗaya sai ya sake rubutu don ɗaya. Cikin 2020 aka kafa wata gamayya don ta daidaita su, ta fitar da ƙa'idarta ta farko ta 2021, ta ɗauki concat, ta kuma ɗauki acos a inda NumPy ta saba cewa arccos. NumPy tana da iyali guda masu farawa da arc, duk a tsare, kuma dubban littattafai da darussa sun ginu a kansu. Ba ta yar da su ba, ba ta kuma bijire wa ƙa'ida ba. A fitowarta ta 2.0, cikin watan Yuni na 2024, ta ƙara sababbin sunayen kusa da tsofaffin. Wannan sulhu ne mai kyau, ko da ya ke shi ma da kuɗinsa, don yanzu mai karanta manhajar wani sai ya san suna biyu, ya kuma san abu ɗaya su ke nufi.

Akwai kuma sunayen da ko laƙabi bai cece su ba. A tsarin Unix umarnin ƙirƙiro sabon fayil sunansa creat, harafin ƙarshe ya faɗi. An ruwaito cewa da aka tambayi Ken Thompson abin da zai sauya in da zai sake gina Unix, sai ya ce zai mayar da wannan harafi. Amma ƙa'idar POSIX ta 1988 ta riga ta ɗauke shi yadda ya ke. Haka kuma duk sa'ad da mutum ya bi mahaɗi daga wani shafi zuwa wani, burauza takan aika da ɗan bayani na inda ya fito, a ƙarƙashin sunan Referer. A Ingilishi daidai harafin r biyu ne a tsakiyar kalmar, wani ya rubuta ɗaya, kuskuren ya shige cikin takardar ƙa'ida ta 1996, kafin a farga manhajoji sun ginu a kansa ko'ina. Bayan wajen shekara ashirin aka tsara wata sabuwar doka ta taƙaita wannan bayani don tsare sirrin mutane, aka sa mata Referrer-Policy, da r biyu cif. Su biyun suna aiki tare a burauza ɗaya, mai r biyu tana mulkin mai r ɗaya.